Habu Mai Harbin Barewa a Waya

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannunki da aiki. Sunana Lawal, ɗalibi ne ni a Alƙahira, a unguwar Hayyin Ashir nake zaune.

Ranar Juma'a muna shan shayi a shagon wani Basudane, sai wani ɗalibi ɗan'uwanmu, Habu, ya zaro waya yana nuna mana bindigogin da Turawa ke harbin barewa da su, masu madubin hangen nesa. Wai ya riƙe irinsu a gida, ya kashe barewa ba adadi. Na ce mahaifina maharbi ne, da adakarsa ya ciyar da mu. Sai ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri Lawal, adaka ai bututun famfo ce, ba bindiga ba." Aka kwashe da dariya.

Na daure na ce, "Malam Habu, in ka hango barewa, ta ina kake ɓullo mata?" Ya gyara zama, ya ce ai iska ake sawa a baya, don ta ƙara wa harsashi gudu.

Jama'a, barewa tun daga nesa take jin warin mutum, in ka sa iska a baya kuwa ita za ta kai mata warinka. Baba ko da sabulu ba ya wanka ranar farauta. Habu kuwa turarensa ke riga shi shigowa layi. Barewar da za ta tsaya masa, sai dai mai mura.

Ku ba ni shawara: in tona shi a gaban waɗanda suka yi dariya, ko in bar shi ya ci gaba da farauta har cajin wayarsa ya ƙare?

Ina gaida Baba, da adakarsa.