Geron da ya ja wa ɗana dakatarwa

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Malam Haruna daga Zandam.

Shekarar da na karye a babur, ruwan shuka ya sauka ina kwance. Ɗana Sani ya baro makarantar kwana a Birnin Kudu ba izini, ya shuka mini gero. Na yi faɗa, ya ce, "Baba, danshi zai wuce." Aka dakatar da shi, aka rubuta a takardar shaidarsa.

Yanzu kwalejin koyon jinya da ya nemi shiga ta ga takardar, ta ce sai ta binciki halinsa. Masu sauraro, wa zan gani? In shaida suke nema, ga ni. Geron nan muka ci har wata damina.