Cokalin da Ya Koyi Yin Shiru

Mai girma shugaban wannan taro, mai girma shugaban tsangaya, shugabar sashen injiniyancin lantarki da kwamfuta, malamai masu daraja, ma'aikatan ɗakunan gwaji, iyaye 'yan uwana da suka baro ayyukansu suka rako 'ya'yansu, sannan ku da aka taru dominku, sababbin ɗalibai maza da mata: assalamu alaikum, barkanmu da wannan safiya.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Ina godiya ga wannan sashe da ya saba, duk shekara, bayan malamai sun gama bayani, ya kira mutum guda daga waje, wanda aikin ɗalibai ya shiga gidansa, a ce ya faɗi abin da ya gani. Bana abin ya faɗo kaina.

Ni ba injiniya ba ne, karatuna a sakandare ya tsaya. Ina aiki a shagon buga takardu da ke daura da ƙofar makarantar nan, kuma nan ba da jimawa ba za ku san ni, domin duk wanda ya makara da aikinsa wurina yake zuwa a guje. Da aka gayyace ni, na so in ba da uzuri, don ban tabbata ina da abin faɗa wa masu ilimi ba. Sai dai ni mutum ne mai rubuta abin da ya same shi kowace rana, saboda haka na koma na karanta abin da na rubuta a lokacin, don kada in ƙara, kada in rage. Maganata uku ce, kuma duka ukun a kan cokali ɗaya suke.

Mahaifina mai aski ne. Ya shafe rayuwarsa yana ɗora reza a wuyan mutane, yana ba su labari, suna dariya, bai taɓa yankar kowa ba. Da girma ya zo, sai hannun nan da yake taƙama da shi ya fara rawa. Ya bar shago. Wata rana muna cin abincin rana da surukinsa, ya ɗebo miya, kafin cokali ya kai baki ya juye a gaban rigarsa. Ba wanda ya yi dariya. Kowa ya sunkuyar da kai, kuma ina jin sunkuyarwar ce ta fi yi masa ciwo. Daga ranar Baba ya koma cin abinci a ɗakinsa, ƙofa a rufe. Matata takan ajiye tire a bakin ƙofa, ta dawo ta tarar an ci burodi an bar sauran. Mutumin da kujerarsa ce tsakiyar hirar gidanmu ya koma murya a bayan katako, yana ramewa muna kallo.

A lokacin ne wasu ɗalibai biyu na wannan sashe suka zo shago, suna gardama a kan abin da za su ƙera a aikin shekara. Ɗaya yarinya ce mai tabarau, ɗayan saurayi ne mai tsawo. Daga baya Baba ya raɗa musu 'Yar Tabarau da Dogo, kuma da haka zan kira su, don suna nan zaune, na ga sun fara jin kunya. Na daɗe ina juya maganar a raina kafin in buɗe baki. Ranar da na daure na faɗa musu, cewa na yi: "Wataƙila shirme ne, amma akwai yadda za a yi cokali ya tsaya cik alhali hannu yana rawa?" Dogo ya dubi 'Yar Tabarau, ita ma ta dube shi, ta ce: "Kawu, ajiye takardun nan, sake faɗa."

Magana ta farko ke nan, wato mene ne wannan karatu da kuka shigo. Zan faɗa yadda suka fahimtar da ni. A cikin mariƙin cokalin akwai wani ɗan abu mai jin motsi, shi ne yake gane hannu ya karkata. Akwai 'yar ƙwaƙwalwa da aka rubuta wa umarni, ita ce take bambanta rawar da mutum bai yi niyya ba da tafiyar da ya yi niyya zuwa baki. Akwai ɗan inji da batir ke ba ƙarfi, idan hannu ya yi dama sai ya mayar da kan cokalin hagu, idan ya yi sama sai ya mayar da shi ƙasa. Ji, da tunani, da ƙarfi. Lantarki ne ke ɗaukar jin da ƙarfin, kwamfuta ce ke yin tunanin, ɗaya ba ya tafiya sai da ɗaya. Duk lissafin da zai hana ku sukuni a wannan shekara, duk wayoyin da za ku haɗa su ƙi kamawa, a nan suke ƙarewa: miya ta tashi daga kwano ta isa bakin dattijo ba ta zube ba. Ni dai ban san aikin da ya fi wannan kyau ba.

Magana ta biyu ita ce, ku dubi mutumin da kuke yi wa aiki kamar yadda kuke duban na'urar. Ranar da suka kawo cokalin farko, yana da waya da ta haɗe shi da wani akwati mai girman bulo. Da ƙyar Baba ya yarda suka shiga ɗakinsa. Suka zuba ruwa a cokalin, ya riƙe, hannu yana rawa, ruwa bai zube ba. Dogo har tsalle ya yi. Sai dai sun sa wa cokalin koriyar fitila, kuma duk sanda ya gyara rawar hannu sai fitilar ta ƙyafta, ya yi wata 'yar ƙara, tit, tit, tit. Baba ya saurara, ya ajiye shi a hankali, ya ce: "Yara, wannan ba cokali ba ne, magulmaci ne. Ni ina ɓoye hannuna, shi yana yi mini shela."

Dogo ya ce: "Baba, ai fitilar ce ke nuna yana aiki."

Baba ya ce: "Cikina zai nuna. Kwashe kayanka, Dogo, kafin in yi maka askin da ba ka biya ba."

Jama'a, ku lura da wannan. A makaranta cokalin ya riga ya ci jarrabawa, an ba su maki mai kyau, an tafa musu. Babu abin da ya tilasta musu komawa gidanmu. Ni kaina na rubuta a ranar cewa magana ta ƙare, kuma wataƙila ni na jawo wa Baba ƙarin kunya. Amma bayan kwana kaɗan sai ga 'Yar Tabarau a ƙofar kicin, tana ce wa matata: "Anti, ki ara mini cokali ɗaya cikin waɗanda kuke ci da su kullum." Ta ce sun zauna sun gane inda suka kauce: sun ƙera abin da zai burge mai ba da maki, mai ba da maki kuwa yana son ya ga fitila. Wanda zai ci abinci da shi so yake kada kowa ya ga komai.

Magana ta uku ita ce sauyin zamani, wanda aka ce lallai in taɓo. Da suka koma don su ƙanƙantar da cokalin, sai suka tarar 'yar ƙwaƙwalwar da suka yi amfani da ita an daina kawo ta kasuwa. An fito da sabuwa, wadda ba ta kai farce ba, kuma yadda ake rubuta mata umarni daban ne da abin da aka koya musu a aji. Suka je wurin malamarsu, wadda ita ce shugabar sashen nan a yau. A shagonmu aka buga bayanin sabuwar na'urar, shafuka masu yawa, ni na kai musu ofishinta, don haka a gabana aka yi. Malama ta ɗaga takardun ta ce: "Ni ma ban san ta ba. Ku jawo kujera mu karanta." Na ga mutane da yawa masu digiri, amma ranar ce na ga ilimi da idona. Ya ku ɗalibai, abin da za a koya muku bana, wani zai tsufa kafin ku gama, wani zai ɓace daga kasuwa, wani za a sake masa suna. Abin da ba zai tsufa ba shi ne jawo kujerar nan. Kada ku ji kunyar cewa ba ku sani ba, ku ji kunyar tsayawa a nan.

Hutunsu duka a kan wannan ya ƙare. Akwatin ya ɓace, wayar ta ɓace, komai ya shige cikin mariƙi, kansa kuma na cokalin gidanmu ne, har da 'yar lanƙwasar da yake da ita. Ba ƙara, ba ƙyaftawa. Dogo bai haƙura da fitilarsa ba, sai ya mayar da ita jikin abin cajin da ke kicin, inda matata kaɗai ke ganinta.

Baba ya karɓa, ya juya shi, ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Tire ya fara dawowa babu komai a kai, amma ƙofar ba ta buɗu ba, kuma na yi ta rubuta hakan har na gaji da rubutawa. Sai wata rana mun zauna cin abinci, muka ji takunsa. Ya ja kujerarsa, ya dube ni, ya kira ni da sunan da yake tsokanata da shi saboda yawan cewa "wataƙila", ya ce: "Malam Wataƙila, matsa, ka zaune mini wuri." Ya ci, ya ƙara, ya ba mu labarin wani mai sanƙo da ya taɓa neman ragin kuɗin aski. Ba wanda ya kalli hannunsa, don dukanmu dariya muke yi.

Saura abu ɗaya. Tun daga ranar surukin nan, Baba bai sake cin abinci a gaban baƙo ba. Da na nemi izininsa in ba da wannan labari, sai ya ce: "An ce akwai walima bayan taron?" Na ce akwai. Ya ce: "To a sa mini kujera a tsakiyar yaran. Kuma kada ka ja magana, abinci zai huce."

Ga shi can a layi na biyu, cokalin yana aljihun gaban rigarsa, inda almakashi yake zama a da. Roƙona gare ku, sababbin ɗalibai, shi ne aikinku na farko a wannan sashe: idan an zauna, kada ku tafa masa, kada ku leƙa hannunsa. Ku miƙa masa kwano, ku tambaye shi labarin mai sanƙon.

Allah ya buɗa muku ƙwaƙwalwa, ya ba ku haƙurin komawa ga aikin da aka riga aka yaba. Allah ya saka wa malamanku da alheri, ya sa iyayenku su ga amfanin wahalarsu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Baba, na gama, abinci bai huce ba.

Na gode.