Malamin Ƙarfe Sha Ɗaya

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, shugabar ƙungiyarmu ta malamai 'yan sa kai, iyayenmu da suka baro ayyukansu suka zo, abokan aiki da muka sha ƙurar alli tare, da ku 'ya'yana goma sha biyu da za ku tashi jibi zuwa koyarwa a ƙasar waje, ina yi muku gaisuwar ban girma.

Na gode wa ƙungiya da ta tuna da tsohuwa. An ce in yi wa matafiya nasiha. Nasiha kam ba ni da ita, laifi nake da shi, shekara huɗu ina ɗauke da shi, yau zan sauke shi a gabanku.

Na farko, ku san wadda ta tafi can, wato ni. Shekara talatin ina shugabar makarantar firamare, har malamaina suka laƙaba mini Hajiya Agogo, suna zaton ban sani ba. Da na yi ritaya na sa kai, aka tura ni wata makaranta a bayan gari, can ƙasar da za ku: rufin kwano mai yoyo, allo tsagagge, yara sittin da uku, malami ɗaya tilo. Dattijo ne siriri, ya ɗaure ƙafar tabaraunsa da zare, yana tara guntayen alli a gwangwanin madara. Shekararsa ashirin da biyu a wurin.

Na biyu, ku san abin da na yi. Dattijon nan ba ya buɗe aji sai ƙarfe sha ɗaya. Ni kuwa tun bakwai da rabi ina bakin ƙofa, ina cika ina batsewa. Da ofishin ilimi ya nemi rahoto, na rubuta cewa malami ba ya zuwa a kan lokaci. Kullum ina ganinsa, kullum muna shan shayi tare, shi ya gyara mini kujerar da nake zama, amma ban taɓa buɗe baki na ce, "Malam, me ya sa?" ba. Bayan mako uku aka sallame shi. Aka kawo saurayi mai takardar shaida da ƙararrawa, na ce madalla.

Na uku, ku san abin da ya biyo baya. Ranar da aka fara buga ƙararrawa, yara sha tara suka zo. Na ce za su saba. Ba su saba ba. Ashe famfon unguwar ɗaya ne, ruwan kuma daga asuba zuwa ƙarfe goma yake zuwa, in ya ɗauke sai gobe. Yaran da nake jira suna can a layi da jarkoki, yawancinsu mata. Wadda ta zo a makare sai sabon malami ya tsare ta a ƙofa, har kunya ta sa suka daina zuwa.

Na je gidan dattijon, na same shi yana ɗinke takalmin jikarsa. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo mini ruwa. Na ce, "Malam, ni na rubuta." Ya ce, "Na sani, Hajiya, ai sun nuna mini takardar. Ban riƙe ki ba. Sai dai 'yan ƙananan nan sun kusa iya haɗa baƙi, a taimaka kada su tsaya a nan." Ko da wasa bai roƙi a mai da shi ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Wasiƙa bakwai na rubuta don in janye rahoton, aka ce an riga an rufe fayil. Wata shidan da aka ɗibar mini suka cika, na dawo gida, ƙungiyarmu ta tarye ni da lambar yabo, na karɓa na yi shiru. Watan jiya 'yarsa ta aiko mini da saƙo, Allah ya yi masa rasuwa. Ta ce har ya kwanta ciwo yana tara yaran da suka dawo daga famfo a ƙofar ɗakinsa, yana rubuta musu baƙaƙe a ƙasa da tsinke.

'Ya'yana, za ku tarar da abubuwa da yawa da za su yi muku kama da sakaci. Ku tambaya kafin ku gyara, ku tambaya kafin ku rubuta, ku tambayi wanda kuka tarar a wurin, domin ku wata shida za ku yi, shi kuwa can za a binne shi.

Allah ya jiƙan malamin nan, ya yafe mini abin da na yi masa. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya, ba da haƙƙin kowa a wuyanku ba. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.