Kiran Shanun da Babu

A tashar Bungudu, motar Gusau na jiran mutum biyu ta cika. Tambaya, makiyayi daga Karakkai, yana zaune a cikinta yana ta jujjuya katin asibiti, wani dattijo mai jarida ya leƙo.

"Baffa, mi ke ciwo?"

"Wai kaina ne, Alhaji. Shekara uku ke nan da fari ya cinye mini shanu, amma kullum da hantsi sai na fita na kira su da sunansu. Ɗiyana sun ce na taɓu."

"Suna amsawa?"

"Ka ji Bahaushe! Da suna amsawa zan zo nan?"

"To mi likitan ya ce?"

"Ko allura bai yi mini ba. Hira kawai. Ya ce in faɗi sunayensu, na faɗi ashirin da ɗaya, yana rubutawa. Ya tambayi inda suke shan ruwa. Na ce rafin Karakkai ya zama yashi. Ya ce ba ni kaɗai ke ciwon nan ba, in zo da wani mai irinsa. Wa zai yarda a ce ya taɓu?"

Dattijon ya naɗe jaridarsa a hankali.

"Rafin bayan Karakkai, mai giginyu? Lambun babanmu na bakinsa, shi ma ya bushe. Duk Juma'a nakan je in tsaya, gida na ce musu ta'aziyya na tafi."

Tambaya ya dube shi, ya matsa.

"Zauna nan, Alhaji. Ƙarfe goma likitan ya ce a zo."