Maɓallin Gudu

A kasuwar kayan mota ta Guangzhou, Halilu na jiran mai shago ya kawo masa shokozoba, sai wani dattijo ɗan Maraɗi ya leƙa wayar Halilu, ya ga hoton motarsa.

"Samari, me ya sami nata?"

"Tauri, Baba. Mahaifina ya daina shiga, ramukan hanyar garinmu na kashe masa baya."

"Ai irin nata da kansa yake laushi in ya ji rami, sai dai in ka danna maɓallin gudu."

"Tunda na saye ta yake a danne. Ta fi daɗin shan kwana."

"Daɗi ga wa?"

Halilu ya kife wayar a cinya. Mai shagon ya dawo yana girgiza kai, wai babu.

"Bar shi," in ji Halilu, idonsa a ƙasa. "Ba shokozoba ne ya lalace ba."