Na Ce wa Mama Olsa Ce

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu.

Yawancinku Dakta kuke ce mini, har wasu kan tare ni bayan sujada su nuna mini ƙurji. Ni ba likitar allura ba ce. Halayyar ɗan Adam na karanta, aikina kuwa bincike ne a kan yadda zama a yi magana ke rage wa masu ciwon daji nauyin zuciya. Shekara da shekaru ina zama da su a asibiti ina ɗaukar maganarsu a rikoda. Abin da na gano, na rubuta, na kuma faɗa gaban manyan likitoci, shi ne wanda dangi suka ɓoye masa sunan ciwonsa ya fi kowa kaɗaici. Irin waɗannan dangi sun sha faɗa a wurina.

Sai abin ya faɗo kan Mama. Ciwon daji a ciki, ya riga ya yi nisa. Da muka dawo gida Unguwar Sarki ta tambaye ni me likita ya ce, na buɗe baki na ce mata olsa ce. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ƙarya ɗaya kuwa sai an yi mata gadi. Na ji tsoron kada wani ya zo dubiya bakinsa ya suɓuce, don haka duk wanda ya zo na ce Mama na barci. Matan zumunta da ke nan, kun tuna sau nawa na mayar da ku daga bakin get da kular gwaten acca a hannu. Ku gafarta mini.

Gidan ya koma ni da ita. Mu ci abinci shiru. In ce ta yi kyau yau, ta ce ta gode Allah. Abu ɗaya take roƙona, in kai ta gida ƙauyenmu ta ga ƙannenta. Kullum amsata, "Sai kin warke, Mama." Na san ba za ta warke ba. Ni da ke sauraron kowa, ba ni da wanda zan gaya wa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na watannin nan ba, har addu'a na daina, don na san abin da Ubangiji zai ce mini.

Wata Talata da rana ina hira a asibiti da wani dattijo Bakatsine mai ciwon daji, tsohon direba da ke zaune Rafin Guza. Ya dube ni ya ce, "Likita, ni ba ciwon ke damuna ba. Ɗiyana in sun shigo sai dariya, wai Baba ka yi ƙiba. To wa zan yi wa wasiyya? Na bar su su yi ta yi, kada in karya masu zuciya."

Na sha jin irin wannan magana. Ranar dai na kashe rikoda, na fita na shiga mota, na kife kaina a kan sitiyari. Na ce, "Ya Yesu, ilimina ya ƙare. Tsoro nake ji. Ka buɗe mini baki." Ban ji wata murya ba. Na dai tayar da mota na nufi gida.

Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Na durƙusa na ce, "Mama, ba olsa ba ce."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ladi, ni na yi jinyar yayata da wannan ciwon, kina goye a bayana. Tun ranar farko na sani. Na ga ba ki da ƙarfin ɗauka ne, na ce bari in riƙe miki." Sannan ta ajiye tiren ta ce, "To yanzu za ki kai ni gida?"

Ranar Asabar muka tafi. Ta yi sati biyar a can. Ta yi sallama da kowa, ta shirya da ƙanenta da suka daɗe ba sa ga maciji, ta zaɓi waƙoƙin da za a yi mata ranar jana'izarta. Ni kuma na samu na yi kuka a cinyarta tun tana da rai.

Mama ba ta warke ba, 'yan'uwa. Amma Yesu ya fitar da ni daga ƙaryar da ta kusa sa uwata ta mutu ita kaɗai a ɗakina, kuma saboda wannan nake yi masa godiya a gabanku yau. In akwai mai riƙe da irin wannan magana a gida, ka dogara gare shi, zai ba ka baki. Kada ka jira sai an warke.