Ka Kwana a Techiman

Da la'asar ana sheƙa ruwa, a rumfar jiran mota ta Suame, wata mata ta gama faɗa a waya. Dattijon da ke zaune kusa da ita ya dube ta.

"'Yata, wa kike azalzala haka cikin ruwan nan?"

"Ƙanina ne, Baba. Direba ne, yana Techiman, wai sai ruwa ya ɗauke zai taso. Gobe da safe fa sunan ɗansa! Na ce ko dare ya yi ya taho."

"Haka na taɓa ce wa nawa ƙanin, Nasrullah. Ƙaramin jirgin sama yake tuƙawa, mai kujera huɗu."

"Ɗan unguwar Zongo, matuƙin jirgi?"

"Duk layinmu da shi muke taƙama. Ana gobe sunan ɗansa, ya kira ni daga arewa, ya ce hadari ya haɗo, ga magariba, zai bari sai safiya. Na ce ba za a yanka rago ba sai uban yaro na tsaye, kada ya kunyata mu gaban malamai. Bai taɓa yi mini musu ba. Masu bincike suka ce laifinsa ne, ya tashi cikin duhu, bai ga tsauni ba. Ba wanda ya tambayi abin da na ce masa."

"Innalillahi! Yaron fa?"

"Sunan ubansa aka raɗa masa. Yanzu makanike ne a Magazine, unguwar masu gyaran mota, daga wajensa nake."

Matar ta sake danna waya.

"Rashid? Ka kwana a can. A'a, wallahi ba fushi nake ba. Ragon zai jira ka."